Ƙyauren Gwaggo Atikatu

Ni ne Zuberu mai fenti, ɗan gidan Madugu a Salaga. Idan ka bi hanyar Tamale a waɗancan shekarun ka ga allon shagon aski, ko zaki a bayan lori mai kama da kyanwar da ta ƙoshi, to hannuna ne. Na faɗi haka ne don kada ka ɗauka wani babban mutum ke ba ka labari. Mai rubuta alluna ne aka kira shi ɗan fasaha sau ɗaya, kansa ya kumbura.

A shekarar casa'in da biyu wani kamfanin lemo, Sanyi Kola, ya ce zai ɗauki nauyin aikin fasaha a zaurukan baje koli na gwamnati a arewa. Wai tunda lemonsu na goro ne, ko da yake wallahi ban taɓa jin ɗanɗanon goro a ciki ba, suna son ɗan Salaga ya haɗa musu wani abu a kan fataucin goro na da. Ba zane a takarda suke so ba. Abu suke so da za a kafa a tsakiyar zaure, mutane su zagaya shi suna kaɗa kai. Wata guda a Salaga, wata guda a Yendi, wata guda a Bawku. Manajansu, wani ɗan kudu mai suna Mista Ampofo, shi ya zo har rumfata ya same ni da fenti har gwiwar hannu. Ya ce an ce masa ni jikan madugu ne. Na ce ƙwarai kuwa, kamar da ni aka yi tafiyar.

Na tara tsofaffin kwandunan goro, da ƙararrawar jakuna, da igiyoyin ɗaure kaya. Na jera su a tsakar gida na duba, na ga tarkace ne kawai. Abin ba shi da tsakiya. Ina cikin wannan sai idona ya faɗa kan ƙyauren ɗakin Gwaggo Atikatu.

Sai na gaya maka wace ce ita, da kuma mene ne shi. Gwaggo Atikatu ƙanwar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni da yayata Asiatu tun da uwarmu ta rasu ina rarrafe. Lokacin da kawunnanmu suka taru suka ce zane aikin banza ne, in bi lorin doya kamar kowa, ita ta fito da muciya a hannu ta ce duk wanda ya sake taɓa gwangwanayen fentina zai ci tuwo a gidan wata. Shi kuwa ƙyauren, katakon maɗaci ne guda, mai nauyin tsiya, da manyan ƙusoshi na maƙera. Kakan kakanmu ne ya sa aka sassaƙa shi. A gidanmu, duk wanda ya rasu, ana cire wannan ƙyauren a shimfiɗa shi a bayan ɗaki, a kansa ake wanke mamacin, sannan a shanya shi a mayar. A kansa aka wanke madugu, a kansa aka wanke ubanmu da uwarmu. Tsakiyarsa har ta yi fari ta ɗan lotsa saboda ruwa. Matan gidan kuwa, shekara arba'in Gwaggo ce ke wanke su da hannunta.

Na durƙusa gabanta na yi ta zagaye-zagaye. Ta bar ni na gama.

"Ƙyaurena kake so, Zuberu?"

"Aro ne, Gwaggo. Wata uku."

"A kai shi ina?"

"A nuna wa duniya cewa gidan Madugu gida ne."

Ta yi dariya har tana tari. Ta ce, "Ɗauka. Amma ka dawo mini da shi kafin in buƙace shi."

Na ce, "Haba Gwaggo, Allah ya ja kwana!" Ita tana iya faɗin haka a kan kanta. Mu ba ma iyawa. A gidanmu ba a ambaci mutuwar mai rai da baki, balle a rubuta. Ko an ga mutum yana shure-shuren ƙarshe, in an tambaye ka, jiki da sauƙi za ka ce. Wanda ya ce wane ba zai tashi ba, ana ganin shi ya kira ta. Da wannan muka tashi, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Asiatu ce kawai ta hana. Ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, Zuberu, ka haukace ne? Mutanen lemo za ka ba ƙyauren?" Na ce mata ta je ta sayar da doyarta, wannan maganar fasaha ce ba ta kasuwa ba. Na faɗa da girman kai, ina sane.

Mista Ampofo ba mugun mutum ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Da ya ga an bar tsohuwa da labule, ya ce ba zai yiwu ba. Ya aiko da sabon ƙyaure na falanki, mara nauyi, ya ce in shafa masa jan kamfani in zana kwalbarsu a jiki, tunda kyauta ce daga gare su. Ina sauri a lokacin. Na tsinka fentin da kananzir don ya bushe da wuri, ban yi shafin farko da ke riƙe fenti ba, na zana kwalba da ɗigon raɓa a wuyanta, na rataye. Gwaggo ta duba ta ce, "Yanzu kam na zama mai shago." Kowa ya yi dariya ban da Asiatu.

A Salaga abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na kafa ƙyauren a tsaye a tsakiyar zaure, a ɗan buɗe, babu bango dama babu bango hagu. Kwandunan suna rataye daga rufi, igiyoyi sun bi ƙasa sun shige ta ƙofar. Tsofaffi suka zo suka tsaya suna kallo. Wani dattijo ya taɓa wurin da ya yi fari, ya dube ni, ya fita. Shi ya san abin da yake taɓawa. Mutanen kamfani ba su sani ba, domin ban gaya musu ba. A takardar bayani na rubuta cewa ƙofar gidan madugu ce kawai. Ta yaya zan ce wa masu sayar da lemo ga allon wankan gawa a tsakiyar tallarsu?

A Yendi aka fara taɓa min aiki. Na iso da safe na tarar an jera kwalabe a cikin kwandunan goro, an kuma ɗaura wani ɗan faranti na tagulla a saman ƙyauren da sunan kamfani. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Mista Ampofo ya saurare ni, sannan ya ciro takardar yarjejeniya, wadda na sa wa hannu a kan gwiwata a rumfa ban karanta rabinta ba. Ya nuna min da yatsa. Kamfani na da ikon ƙara abin da ya ga dama. Kamfani na da ikon tsawaita nunin. Babu wani ɓangare na aikin da za a cire kafin a rufe, saboda masu inshora. Wata gudan Yendi ya zama wata biyu da rabi, don wai mutane suna zuwa. Ni kuma dole in bi aikin duk inda ya je, in tsaya kusa da shi sanye da jar riga ina yi wa 'yan makaranta bayani. Ni da na zo a matsayin ɗan fasaha, na koma mai gadin kwalabe.

Da muka isa Bawku damina ta kama sosai. Wani ya taɓa jingina da ƙyauren a Yendi ya kusa faɗowa, don haka a Bawku suka kira mai walda ya yi masa firam na ƙarfe, ya liƙe shi da ƙasan zauren. Ina tsaye ina kallon tartsatsi na tashi kusa da katakon.

Mai kula da zauren wani dattijo ne, Baba Iddi, mutumin zongo, unguwar Hausawa, mai mabuɗai a igiya a wuya. Hausarsa irin ta Bawku ce, mace da namiji duk "shi" ne. Muna shan koko tare kowace safiya a bakin ƙofa. Shi kaɗai na gaya wa gaskiyar ƙyauren. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Subhanallahi. Kuma tsohuwar yana da rai?" Na ce tana nan lafiya lau. A ranar gaskiya na faɗa.

Sati uku da haka wani direban lorin albasa ya kawo min wasiƙar Asiatu. Gajeriya ce. Ta ce Gwaggo ta kwanta tun ranar Juma'a, ba ta cin abinci, amma jiki da sauƙi. Ta ce Gwaggo tana tambaya ko an gama nuna wa duniya. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: ka zo ku gaisa, ka zo da kayan mutane.

Na san abin da nake karantawa. Asiatu ba ta taɓa ce min in zo in gaisa da kowa ba a rayuwarta.

Allah ya sa Mista Ampofo yana gari a ranar, ya zo rabon lemo a kasuwa. Na same shi a ɗakin ajiyarsu tsakanin akwatunan kwalabe. Na zauna na gaya masa komai, abin da ya kamata in gaya masa tun a Salaga. Ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce me ya sa ban faɗa ba tun farko. Sannan ya buɗe jaka ya ciro wata takarda.

"Akwai hanya, Zuberu," in ji shi, da Hausarsa ta tasha. "Idan mai kaya yana bakin mutuwa, ko ya mutu, ana iya cire kayansa. Masu inshora sun yarda da wannan. Ka rubuta layi ɗaya a nan. Sunanta, da cewa tana gab da mutuwa. Ka sa hannu. Wakilinmu na nan Bawku zai buga hatimi, a kira mai walda, yau ɗin nan ka tafi da shi."

"In rubuta ba ta da lafiya."

"Bai isa ba. Kowa ba shi da lafiya."

"In rubuta ana buƙatarsa a gida da gaggawa."

"Zuberu, ni na gane. Amma mutumin da zai karanta a Akra bai san gidanku ba. Kalmar yake nema."

Na riƙe biron. Wallahi na riƙe shi. Na rubuta Atikatu, hannuna ya tsaya. Matar da ta goya ni, in zauna in rubuta da hannuna cewa za ta mutu, in sa sunana a ƙasa, a buga hatimi, a kai Akra a ajiye a fayil? Na ji kamar an ce in fara haƙa. Na ajiye biron na ce zan yi tunani. Ya ce shi zai wuce Bolga, amma ya bar takardar wurin Baba Iddi, duk lokacin da na shirya.

Kwana tara na yi a haka. Kai da ke saurare kana iya cewa wauta ce, kuma ba zan yi musu da kai ba. Amma ba kai aka raina a gidanmu ba. Kullum da safe sai in ce yau zan rubuta. In karɓi takardar, in zauna a kan benci ina fuskantar ƙyauren, in ga farin nan na tsakiya, in mayar. In tafi Salaga hannu rabbana kuwa, me zan ce mata idan ta ɗaga ido ta dubi bayana? In zauna, tana can tana jira. 'Yan makaranta suna shigowa layi-layi, ina tsaye cikin jar riga ina ce musu wannan ƙofa ce ta tafiya mai nisa. Kowane yaro a ba shi kwalba ɗaya a bakin fita.

Rana ta biyar na ari zarto daga wani makaniki na shigo da shi a ƙarƙashin riga da tsakar rana, lokacin da zauren ba kowa. Ban yi goga goma a jikin firam ɗin ba Baba Iddi ya riƙe min hannu. Bai yi tsawa ba. Ya ce, "Ɗana, idan ka yanka, ni za a kama. Ni ke da mabuɗi. Kai ma ba za ka wuce shingen 'yan sanda na Zebilla da shi ba, sunan kamfani na jiki." Na zage shi. Allah ya yafe min, na zagi dattijon da ke raba kokonsa da ni, na ce masa bawan masu lemo. Ya karɓi zarton ya ajiye a ɗakinsa, da la'asar ya mayar wa makanikin da kansa.

Na roƙi Baba Iddi ya rubuta min. Ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce, "Ni? In rubuta wa uwar wani? A'a. Ko kai ban ce ka rubuta ba, ban ce kar ka rubuta ba." Na je wurin wani malami a zongo, ya ce min rubutu ba ya kashe kowa, ajali na hannun Allah. Na ce na sani. Na sani mana! Tun ina yaro na sani. Hannuna ne bai sani ba.

Ranar Talata direban albasa ya sake shigowa gari. Wannan karon babu wasiƙa. Ya ce Asiatu ta tare shi a tasha ranar Lahadi ta ce ya gaya min magana ɗaya: Gwaggo ta sa an juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa.

Na shiga na karɓi takardar. Da hantsi ne, na tuna don rana ta shigo ta taga ta kai ƙafar firam ɗin. Na rubuta. Atikatu, ta gidan Madugu, Salaga, tana gab da mutuwa. Na sa hannu. Ban fi minti ɗaya ba. Wakilin kamfani ya buga hatimi bai ma karanta ba, yana cin gyaɗa. Mai walda ya zo ya yanke ƙarfen kafin azahar. Abin da ya ci min kwana tara, ka ji yadda ya ƙare. Baba Iddi ya kawo tsohuwar tabarmarsa muka naɗe ƙyauren, ya taya ni ɗauka har tasha. Na ce ya yafe min. Ya ce, "Tafi kawai. Ka gaishe shi."

Ban bi ta Garu ba don an ce ruwa ya cinye hanya. Na bi ta Zebilla, Bolga, Tamale. Kowane direba sai ya yi gardama a kan nauyin abin. Daga Tamale na hau saman lorin da ke komawa ɗaukar doya, na zauna a kan ƙyauren da kaina don kada a ɗora masa kaya. Taɓo ya riƙe mu sau biyu. Ina ta addu'a, amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga rubutuna a takardar nan, harafi-harafi, don ni mai kyan rubutu ne, sana'ata ce.

Na shiga Salaga ranar Alhamis da walha. Na ɗauki mai kura ya turo ƙyauren a bayana. Tun daga bakin lungu na ga tabarmi a ƙofar gida da maza a zaune. Na ƙarasa wurinsu. Kawunnaina suka dubi abin da ke kan kura, suka dube ni, ɗaya ya ce sannu da hanya.

Asiatu na zaune a bakin ɗakin Gwaggo. Ɗakin babu ƙyaure, labule ne kawai. Ba ta tashi ba.

"Yaya," na ce, "yaushe?"

"Talata. Bayan azahar."

Na zauna a ƙasa inda nake. Ban gaya mata abin da na yi da hantsin Talata ba. Ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Malamin zongo yana da gaskiya, na sani, kuma shekara nawa ke nan ina gaya wa kaina.

"Ta tambaye ni?"

"Ba ta tambaye ka ba. Ta ce kana hanya. Kullum haka take cewa, in an motsa labule ta ɗaga kai."

Na ce, "A kan me aka..." na kasa ƙarasawa.

Ta nuna da haɓa. A jikin katanga, bayan randa, ga jan ƙyauren a jingine. Falankin ya sha ruwa ya kumbura, ya ɗaye gida uku. Kwalbar da na zana tana nan daga wuya zuwa sama, da ɗigon raɓarta. Daga nan zuwa ƙasa fentin ya tafi, sai farin katako.

"Ƙyauren ɗakinta ake cirewa," in ji Asiatu. "Shi muka tarar, shi muka cire. Ni na wanke ta, ni da matar Kawu Inusah, yadda ta koya mana. Da muka zuba ruwan ɗumi sai abinka ya fara tashi."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro gidan ashana. Ta kama hannuna ta buɗe shi ta ɗora min. Na ga bakin faratanta duk ja ne, kwana biyu bai fita ba.

"Maza suna waje suna cewa mu yi sauri rana na tafiya. Na ce su jira. Ba zan naɗe ta da wannan a jiki ba. Ɗaya-ɗaya na tsince su, daga wuyanta har diddige."

Na tura gidan ashanar ya buɗe. Cike yake da ɓawon jan fenti, ƙanana-ƙanana, sun bushe sun nannaɗe.

"Riƙe," in ji ta. "Naka ne. Ka tashi ka rataye wancan da ka kawo, akwai sauran mutane a gidan nan."